Yadda ake koyon kaɗa Für Elise a fiyano, daga amshi har sautin ƙarshe

An sha tambayata, musamman yaran da ke buga fiyano a situdiyo da waɗanda suka koya a coci: wannan kiɗan na Turawa da ke farawa da sauti biyu suna ta kai da komowa, yaya ake koyonsa? Sunansa Für Elise. Ko wanda bai san sunan ba, ya taɓa jinsa, a ƙarar waya ko a kayan wasan yara. A Taiwan ma da shi motocin kwasar shara ke kiran mutane su fito da bola. Ludwig van Beethoven ne ya tsara shi a 1810, amma ba a buga shi a takarda ba sai 1867, shekara 40 bayan rasuwarsa. Iyakar tarihin da za mu yi ke nan.

Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu. Abin da ka saba ji a waya amshin kiɗan ne kawai. Tsarinsa irin na waƙa mai amshi da baiti ne: amshi, baiti na ɗaya, amshi, baiti na biyu, sannan amshi ya rufe. Amshin bai da wuya. Baitocin nan biyu su ne ramin da kowa ke faɗawa, shi ya sa malaman fiyano kan ajiye cikakken kiɗan kusa da mataki na 5 cikin matakai 8 na jarrabawar ABRSM ta Ingila. A ganina, wanda bai taɓa taɓa fiyano ba zai iya kama amshin cikin wata ɗaya ko biyu in yana zama kullum. Baitocin kuwa su ci masa shekara ko fiye. Wanda hannunsa ya riga ya faɗa, wata uku zuwa huɗu sun ishe shi. Ni kaina na daɗe ina cika baki na iya kiɗan nan, alhali amshi kawai nake maimaitawa, sai ran da aka ce in ci gaba na rasa inda zan sa hannu.

1. Fiyanon da zai ɗauki kiɗan

Tambayar farko ita ce yawan maɓallai. Fiyanon da ya fi yawa a situdiyo da coci mai maɓalli 61 ne. Wannan zai ɗauki amshi da baiti na ɗaya ba tare da matsala ba, in ban da sautin rufe kiɗan. A baiti na biyu ne zai gaza: hannun hagu yana buƙatar wani A da ke ƙasa da inda maɓallan suka fara, hannun dama kuma yana hawa har D da E da ke sama da inda suka ƙare. Mai maɓalli 76 ya ɗauke su duka. Mai 88 shi ne cikakken fiyano.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci: in ka danna a hankali yana yin ƙasa da murya, in ka danna da ƙarfi ya ɗaga? In ba ya yin haka, kada ka saya, ko nawa aka rage maka. Kiɗan nan a hankali ake fara shi, kamar raɗa, kuma duk daɗinsa yana cikin hawa da saukar murya. Yamaha PSR-E373 yana da maɓalli 61 kuma yana jin nauyin hannu. Masu maɓalli 88 masu nauyi irin na fiyanon katako, na masu farawa su ne irin su Yamaha P-45, Casio CDP-S110 da Roland FP-10. Da dala zan yi maganar kuɗi, tunda farashin naira ba ya zama wuri ɗaya: mai 61 sabo yana wajen dala 200, masu 88 ɗin nan kuma dala 400 zuwa 600. Feda ta daban, wato abin takawa da ƙafa mai jan sauti, ba ta cika wuce dala 30 ba. Ƙara da abin ɗora fiyanon, da abin sa wa a kunne in kana da maƙwabta ko kuma dare ne lokacinka.

In wuta ba ta zama a unguwarku, duba wanda ke cin batir. PSR-E373 da CDP-S110 duka suna aiki da ƙananan batura 6, P-45 kuwa sai da wuta. Ka sami ƙyalle ka riƙa rufe shi, domin ƙurar hunturu in ta shiga ƙarƙashin maɓallai sai wani ya daina magana, wani kuma ya riƙa ihu ko da a hankali ka taɓa shi.

Hattara: in na hannu za ka saya, kada kunya ta hana ka gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sau biyu, a hankali da kuma da ƙarfi. Gwada ramin feda da na abin kunne. Kuma kada ka yarda da cajar da ba tasa ba.

In ba ka da halin saye yanzu, nemi aro na rabin awa kullum a wurin wani. Ya fi ka jira shekara kana tara kuɗi.

2. Takardar kiɗan

Ba sai ka biya ko sisi ba. Kiɗan ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, yana nan kyauta a shafin IMSLP, shafi uku ne ko huɗu. Kai shi shagon kwamfuta a fitar maka a takarda, kwafi biyu, domin ɗaya zai sha fensir. Mai son bugu mai tsafta da kuɗi sai ya nemi na kamfanin Henle na Jamus.

Hattara: intanet cike yake da waɗanda aka sauƙaƙa, an cire baitoci, an rage wa hannun hagu aiki. In ka ga kiɗan duka a shafi ɗaya, ba shi ba ne. Cikakken yana da 3/8 a farkon layi, da kalmomin Poco moto a sama.

Sai maganar bidiyon YouTube masu sanduna suna faɗowa kan maɓallai. Ba na hana kallonsu, suna nuna wurin sauti. Amma ba sa gaya maka yatsan da za ka sa, ba sa koya maka ƙirga, kuma in ka ɓace a tsakiya sai ka koma farko. Wanda ya saba buga kiɗa da kunne zai ji kamar karatun takarda ɓata lokaci ne. Daure ka koyi abu uku kawai: layuka biyar na sama na hannun dama ne, na ƙasa na hagu, kuma layukan tsaye suna yanka kiɗan gida-gida. Kowane yanki zan riƙa kiransa ɗaki. Ɗauki fensir ka rubuta harafin kowane sauti a ɗakuna 8 na farko. Daga nan idonka zai fara ganewa da kansa.

3. Zama da lambar yatsu

Zauna a bakin kujera, ba jingine ba, cibiyarka daidai tsakiyar fiyanon. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ya zama a miƙe, daidai da tsayin maɓallai. In kujerar ta yi ƙasa, ɗora matashi. Yanke farce. Lanƙwasa yatsu kamar ka riƙe lemo. Babban yatsa shi ne 1, manuni 2, na tsakiya 3, na zobe 4, ƙaramin 5, a hannu biyun duka.

4. Ƙirga kafin ka taɓa maɓalli

Wannan matakin kowa ke tsallakewa, kuma shi ke raba wanda ya iya da wanda ke kwaikwayo. Kowane ɗaki bugu 3 ne, kowane bugu ya rabu 2, wato ƙananan bugu 6. Ka riƙa ƙirga 1, 2, 3, 4, 5, 6 da baki, da ƙarfi, kana tafa cinya. Kiɗan ba a kan 1 yake farawa ba. Sauti biyun farko suna kan 5 da 6, kamar mai ɗaga ƙafa kafin ya taka. Sa metronom, wato abin da ke ƙyas-ƙyas yana riƙe maka lokaci, a waya, manhajojinsa kyauta ne, saita shi kan 80, kowane ƙyas ya zama ƙaramin bugu ɗaya. Za ka ji kamar tafiyar hawainiya. Haka ake so.

5. Amshi: hannun dama

Baƙaƙen maɓallai biyu-biyu suke da uku-uku. Farin da ke hagun kowane biyu shi ne C, fararen da ke bin sa ta dama kuma D, E, F, G, A, B, sai C ya sake dawowa. Nemo C na tsakiyar fiyanon, ka tsallake zuwa baƙaƙe biyu na gaba ta dama. Farin da ke damansu shi ne E ɗin da za ka fara da shi, baƙin da ke manne da shi ta hagu kuma D shaf, wanda ake rubutawa D#.

Ga jerin: E, D#, E, D#, E, B, D, C, A. Yatsu: 5, 4, 5, 4, 5, 2, 4, 3, 1. Ƙirgarsu: biyun farko a 5 da 6, shida na gaba sun cika ɗaki na ɗaya, A ya sauka a kan 1 na ɗaki na biyu. Daga nan hannu ya sauko: C na tsakiya, E, A a kan 4, 5, 6, sai B a kan 1, da yatsu 1, 2, 4, 5. Sannan E, G# (baƙin da ke manne da G ta dama), B, sai C, da yatsun nan dai. Sai E na ƙasa guda ɗaya a kan 4, ka yi tsalle ka koma E da D# na sama, jerin ya sake. A karo na biyu yana rufewa da E, C, B, A.

Hattara: E sau 3 ne, D# sau 2. Masu koyo da kunne kan ƙara ɗaya ko biyu saboda daɗin kai da komowar, sai ɗakin ya yi tsawo. Ƙirga ce maganin wannan.

Yatsa na 4 da na 5 su ne raunana a hannun kowa, kuma da su aka buɗe kiɗan. Za ka ji sha'awar sa 2 da 3 a madadinsu. In ka yi haka, za ka rasa yatsan da zai kai B da A ba tare da ka ɗaga hannu ba, sautin ya yanke. Wasu malamai suna fara shi da 4 da 3, wannan ma hanya ce. Abin da ba a so shi ne yau wannan, gobe wancan. Tun ran gini ran zane: zaɓi ɗaya, rubuta a takarda, kada ka sake.

Wani abu da ke rikita mutane: a ɗaki na 7, wasu takardu sun rubuta E, C, B, wasu kuma D, C, B. Ba kuskuren mai bugawa ba ne, tun daga tsofaffin takardun aka sami saɓanin. Bi wanda ke gabanka.

6. Amshi: hannun hagu, sannan a haɗa

Hannun hagu sauti uku-uku yake yi, a kan 1, 2, 3. Na farko: A na ƙasa, E, A na samansa, da yatsu 5, 2, 1. Na biyu: E na can ƙasa, E na samansa, G#, da 5, 1, 2, wato manuni ya haye kan babban yatsa. Mai babban hannu zai iya yin 5, 2, 1. Yi ta sauya tsakanin biyun nan har hannunka ya san nisan ba tare da ka kalla ba. Kwana biyu ko uku kana wannan kaɗai ba asara ba ne.

Haɗawar ta fi sauƙi fiye da yadda ake tsoro, domin hannuwan ba sa aiki tare sai a kan 1. Hagu ya yi 1, 2, 3, ya miƙa wa dama 4, 5, 6, kamar mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke. Abin da kake nema shi ne mai sauraro ya kasa gane inda hagu ya tsaya dama ya karɓa.

Hattara: babban yatsa mai nauyi ne. Shi ke rufe aikin hagu, shi kuma ke buɗe na dama, don haka a kan 3 da 4 ake jin dum-dum. Sassauta shi. Kuskure na biyu shi ne ɗan tsayawa bayan 3 kafin dama ya shigo. In ka ji kana yin haka, rage saurin metronom, ba ƙarawa ba.

Kada ka wuce ɗakuna 8 na farko sai ka iya su sau 5 a jere babu tuntuɓe. In ka yi kuskure a na huɗu, ƙirgar ta koma farko.

7. Rabin amshi na biyu

Nan kiɗan ke ɗan washewa. Dama ya hau B, C, D, ya sauka kan E. Daga nan sau uku yana yin abu iri ɗaya yana gangarowa: G na ƙasa, F, E, D; sai F na ƙasa, E, D, C; sai E na ƙasa, D, C, B. Hagu yana bin sa da C, G, C, sannan G, G, B, sannan A, E, A. Babban yatsan dama ne ke ɗaukar sautin ƙasa, ƙaramin ya miƙa sama.

Sai wurin tsani, inda E kaɗai ake bugawa ana hawa: hagu uku, dama biyu, hagu biyu, dama biyu. Bayan haka hannuwan su yi ta miƙa wa juna D# da E: hagu, dama, hagu, sannan dama ya karɓa ya zarce cikin jerin farko. A nan hannun hagu yana barin gidansa ya hau sama, har takardar ta sauya masa alamar layi. Ido ya riga hannu isa wurin: kalli maɓallin da za ka je kafin ka tashi.

Hattara: wannan ne wuri na biyu da ake ɓata ƙirga. Rubuta 1 zuwa 6 a ƙarƙashin ɗakunan nan uku, ka faɗe su da baki har sai ka gaji da jin muryarka. Kuma ka lura da alamar maimaitawa, layi biyu masu ɗigo biyu: rabin farko sau biyu ake yi, rabi na biyu ma haka, amma a amshin farko kawai.

8. Feda

Sai yanzu, ba kafin yanzu ba. Feda tana rufa asirin yatsu marasa tsafta, kuma wanda ya fara da ita ba zai taɓa jin kurakuransa ba.

Diddige a ƙasa, ƙafar dama, tafin ƙafa a kan feda. A amshi ƙa'idar mai sauƙi ce: taka bayan hagu ya buga sautinsa na farko, ka riƙe, ka ɗaga daidai lokacin da sautin farko na ɗaki na gaba ya sauka, ka sake takawa nan take. Wato hannu na sauka, ƙafa na tashi. Da farko jiki zai ƙi, domin ya saba hannu da ƙafa su sauka tare. Gwada da hagu kaɗai, a hankali ƙwarai. Idan ka zo E da D#, ɗaga ƙafa gaba ɗaya. Sautukan nan biyu maƙwabta ne na kusa, in feda ta haɗa su sai su dagule kamar kunu.

Hattara: in ka sa feda ka ji tana aiki a juye, sauti na tsayawa in ka taka, yana ja in ka saki, ba lalacewa ta yi ba. Kamfanoni ba su haɗu kan tsari ɗaya ba, fedar Casio da ta Yamaha a juye suke da juna. Sayi mai ɗan makunni a ƙasa ko a gefe wanda ake juyawa. Sannan ka haɗa ta kafin ka kunna fiyanon, kuma kada ƙafarka ta kasance a kanta lokacin kunnawa.

9. Baiti na ɗaya

Shawarata ita ce ka fara taɓa wannan baitin tun amshi bai gama nuna ba. Raba zamanka: in minti 30 ne, 10 na amshi, 20 na nan. In ka bari sai amshi ya yi santsi, ba za ka so barinsa ba, kullum shi za ka riƙa bugawa kana jin daɗin kanka.

Baitin yana buɗewa da kod uku gajeru a hannu biyu, wato sautuka da ake dannawa tare lokaci ɗaya, sannan hagu ya kama wani sabon aiki, sauti 6 a ɗaki ba hutawa: F, A, C, A, C, A, sai F, B filat, D, B filat, D, B filat (B filat shi ne baƙin da ke manne da B ta hagu). Wannan ne karo na farko da hannuwan ke aiki tare da gaske. Hagu shi ne ɗan rakiya, dama ne mai waƙa. Sai dai hagu yana da sauti da yawa kuma muryarsa ta fi kauri, shi ya sa yakan danne mai waƙar. Ga dabarar da na fi amincewa da ita: buga dama da cikakkiyar murya, hagu kuma ya riƙa taɓa maɓallan ba tare da ya danna su ba. In hakan ya zauna, sai ka bar shi ya danna kaɗan-kaɗan.

Za ka ga wasu ƙananan sautuka da aka rubuta da ƙaramin rubutu, na ado ne. Cire su a makon farko, ka kafa ƙirga, sannan ka mayar da su. Su ba su da nasu bugun, satar lokaci suke yi, don haka a yi su da sauri da sauƙin hannu. Akwai kuma sauti mai ɗigo da gajere a bayansa, dogo sannan ƙyas. Kada ka daidaita tsawonsu.

Sai kuma gangaren da kowa ke tsoro, inda sautuka ke da layi uku a kansu. Nan ɗaki ɗaya sauti 12 ne maimakon 6, ninki biyu na saurin amshi. Dama yana yin C, G, G na ƙasa, G, A, G, B, G, C, G, D, G. Duba da kyau: G na sama ba ya motsi, ƙaramin yatsa na zaune a kansa, sautukan ƙasa ne ke hawa. Ba da ƙarfin yatsu ake yin wannan ba, da juya hannu ne dama da hagu, kamar mai murɗa hannun ƙofa. Ɗaki na gaba ya yi E, G, C, ya gangaro B, A, G, F, E, D, ya rufe da G, F, D. Duka jerin sau biyu yake zuwa.

Yadda za ka ci shi: yanka shi huɗu-huɗu. Buga huɗu, ka tsaya a kan na biyar. Fara daga na biyar, ka tsaya a kan na tara. Bayan kwana biyu ka haɗa takwas. Sannan ka sauya masa tafiya, dogo-gajere dogo-gajere, ka juya gajere-dogo. Sai metronom: fara inda ba ka kuskure ko kaɗan, ka riƙa ƙara 4 kawai, kuma ba fiye da sau biyu ko uku a rana ba.

Hattara: in ka ji wuyan hannu ko damtse ya ɗaure, ko zafi na tasowa, tsaya nan take. Saki hannu ya rataya, ka girgiza shi, ka dawo a rabin saurin. Ciwon hannu ba alamar ƙwazo ba ne, alama ce kana matse jiki. Feda kuma kaɗan ake sa wa a nan, ko a bar ta gaba ɗaya.

10. Baiti na biyu

Nan hadari ya haɗo. Hagu yana dukan A guda ɗaya na ƙasa, sau 6 a ɗaki, ɗaki bayan ɗaki, dama kuma yana sauke kod masu kauri, na farkonsu E, G, B filat, C#. Hanya biyu ake bi da hagu: ko a riƙa sauya yatsu 3, 2, 1, 3, 2, 1, ko a bar yatsa ɗaya wuyan hannu na lilo. Ni na fi son sauyawa, ba ta gajiyar da hannu. Ko wacce ka ɗauka, yatsa ya zauna kusa da maɓalli, kada ka bari ya tashi sama. A fiyano marar nauyi wannan wurin yana da sauƙi har ya ruɗe ka, ranar da ka hau mai nauyi sai ka ji wasu sautukan sun ƙi fita.

Fara a hankali ka bar murya ta taso da kanta. Masu koyo kan fara da dukan ganga tun ɗakin farko, sai su rasa abin ƙarawa. Kod ɗin dama kuma ka koye su su kaɗai, ka tsara yatsunka a sama kafin ka sauke, sautukan su faɗi tare kamar mutum ɗaya. Sauya feda duk lokacin da kod ya sauya. Ka kuma sa ido a hagu: akwai inda yake ƙara sauti na biyu a ƙasa, akwai inda A ke matsawa zuwa B filat. Zagaye wuraren da fensir, domin ido kan ɗauka layin bai canza ba.

Bayan hadari sai hawa: A, C, E, A, C, E, D, C, B, sau uku, kowane karo a sama da na baya, hagu na rakiya da kod ɗin A, C, E. A nan bugu yana rabuwa 3 maimakon 2, ɗaki ya zama sauti 9. Mayar da metronom ya riƙa ba ka manyan bugu 3, ka sa sauti uku a kowane ƙyas. Daga ƙololuwa sai gangarowa ta kan kowane maɓalli, fari da baƙi, ba tsallake. Yatsun: 3 a kan baƙi, 1 a kan fari, 2 a kan C da F inda farare biyu suka haɗu. Ɗaga feda, ka sauko a hankali har ka faɗa cikin E da D# na amshin ƙarshe.

Hattara: mai maɓalli 61, a nan za ka ci karo da bango. Mafita ita ce ka maimaita hawa na biyu a wurinsa maimakon na uku, ko ka fara jerin duka daga ƙasa. A na can ƙasa kuma ka buga na samansa kawai. Dabara ce ta wucin gadi, ka nemi cikakken fiyano ko sau ɗaya a mako ka gwada na ainihi.

11. Ɗinke shi wuri ɗaya

Saurin kiɗan duka daga gangaren nan mai sauti 12 ake ɗaukarsa. Buga shi a saurin da kake iyawa cikin natsuwa, duba lambar metronom, wannan ce lambar amshinka ma. Kuskuren da na fi ji shi ne amshi a guje, baiti na ɗaya da rarrafe, sannan a sake zabura. Beethoven bai rubuta lamba ba, Poco moto kawai ya ce, wato da ɗan motsi. Ƙwararru kan gama shi cikin minti 3 ko kusa da haka, manyan bugu wajen 120 a minti. In kai a 90 kake iyawa da tsafta, tsaya a 90.

Mahaɗai su ne ke tsinkewa, don haka ka ware musu lokaci: ɗaki biyu na ƙarshen kowane sashe da biyu na farkon mai bi masa. Koyi farawa daga wurare biyar ko shida daban-daban, yadda in ka yi tuntuɓe gaban mutane za ka sami wurin kamawa. Ɗauki kanka a waya sau ɗaya a mako ka saurara ba tare da fiyano a gabanka ba. Za ka ji abin da ba ka ji kana bugawa: inda ka ruga, inda babban yatsa ya yi dum, inda feda ta dagula. In da hali, biya malami ko zama biyu ne ya duba zamanka da yatsunka. A Legas akwai makarantar MUSON da ke Onikan, a sauran garuruwa kuma mai buga fiyanon coci da ya iya karatun takarda ya isa ya gyara maka abubuwa da yawa. Minti 25 kullum ya fi awa uku ranar Asabar.

Amshi na biyu da na uku ba a maimaita su, sau ɗaya ake wucewa. Na ƙarshen ka yi shi da murya ƙasa da na farko, ka ɗan ja sautuka ukun ƙarshe kaɗan, ba da yawa ba. A ɗakin rufewa dama ya sauka kan A, hagu ya ɗauki A biyu na ƙasa tare. Kada ka fizge hannu. Bar sautin ya ɗan zauna, sannan ka ɗaga hannu da ƙafa lokaci ɗaya, a hankali, yadda fedar ba za ta yi ƙara ba.